A Mayar wa 'Yan Matan Gidimuni da Dandalinsu

Duk wanda ya ce 'yan matan karkara ba sa motsa jiki, to bai san karkara ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu a Gidimuni, kafin hantsi ya ɗaga ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta wanke kwanoni, kuma duk wannan da ƙaninta goye a baya. In gidansu na da garka a bakin tafki, akwai ban ruwa, akwai ɗauko kaya a ka zuwa gida. La'asar na yi faranti ya hau kai, ta nufi bakin kwalta tana bin motocin da suka tsaya da rake ko dabino ko dafaffen rogo. In ƙarfi ake nema, tana da shi fiye da ɗan birnin da ke biyan kuɗi don ya ɗaga ƙarfe. Abin da ta rasa shi ne wasa: sa'a guda tata ta kanta, wadda babu aike babu talla a ciki, ta yi gudu don tana son gudun, ta ci a tafa mata, a cinye ta ta yi haƙuri ta dawo gobe.

Ana ta kiraye-kirayen a ƙarfafa wa mata da 'yan mata gwiwa su shiga wasanni, amma yawancin masu kiran suna magana ne kamar wani baƙon abu za a shigo da shi a koya wa mutanen da ba su taɓa saninsa ba. A nan na saɓa da su. 'Ya'yanmu mata suna da filin wasansu tun kaka da kakanni. A hannunmu ya salwanta, muka samar wa maza madadinsa, muka bar mata haka nan. Saboda haka bashi ne a kanmu, kuma lokacin biyansa ya yi.

Na ɗauki Gidimuni ne domin gari ne da matsalar ta fito fili a cikinsa. Yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Damagaram da Mirya ta nufi Gure da Diffa, kimanin kilomita 70 gabas da birnin Damagaram, cikin gundumar Damagaram Takaya. Allah ya yi masa baiwar tafki mai riƙe ruwa har cikin rani, wanda a shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Albarkacin wannan ruwa ne ake noman lambu ana cika motoci da kaya. Sai dai garin da ake noma rani da damina gari ne da aiki ba ya yankewa, kuma inda aiki ba ya yankewa hannun yarinya ake fara nema. A ƙauyen da ya dogara da damina kaɗai, kaka na wucewa a ɗan sarara. A garin lambu kuwa, ana gama girbin gero sai shukar rani ta kankama. Idan aka iya sama wa yarinya lokacin wasa a gari irin wannan, sauran garuruwan ƙasar Damagaram ba su da hanzari.

Ku tambayi duk wata gwaggo ko kaka da ta haura shekara hamsin yadda suka yi 'yanmatancinsu. Za ta ba ku labarin dandali. Farin wata ya fito, an ci tuwon dare, 'yan mata sun taru a filin unguwa. A wasan gaɗa, sai su tsaya kafaɗa da kafaɗa su yi rabin da'ira suna tafi suna waƙa. Ɗaya ta fito tsakiya ta taka rawa, ta juya musu baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo ta baya ba tare da ta waiwaya ba. Hannuwa su tare ta kafin ta kai ƙasa, su cilla ta sama, ta dira kan ƙafafunta ta yi tsalle ta koma layi, wata ta fito. Haka za a yi ta zagayawa har gumi ya jiƙa kowa. Duk malamin wasanni da ya kalli wannan zai gaya maka abin da ke ciki: ƙarfin ƙafa, dogon numfashi, daidaita jiki, sannan amana, domin ba ka faɗuwa ta baya sai a hannun wanda ka yarda da shi. Ga 'yar gala-gala da ake tsallake ɗakuna da ƙafa ɗaya, ga carafke mai koyar da saurin hannu da ido, ga tsere, ga tsallen igiya. Akwai shugaba a cikinsu mai raba gardama, akwai tsofaffi zaune nesa kaɗan suna hira ido na kan yara. Ba wanda ya kira wannan rashin kunya. Tarbiyya ce, kuma matan da suka fito daga cikinta su ne iyayen da muke alfahari da kamun kansu a yau.

Ko hukuma ta taɓa gane amfanin wannan tsari. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya aka ba ta gurbi a kowane gari da kowace unguwa, kuma bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram aka yi shi a 1976. 'Yan mata sun shiga rawa da waƙa da wasan kwaikwayo da sunan garuruwansu, iyaye na kallo. Kowa na da abin da zai faɗa game da siyasar wancan zamani, amma ba a musun cewa yarinyar ƙauye ta lokacin tana da wurin da ake kiran sunanta a bainar jama'a don ta iya wani abu.

Dandali bai mutu rana ɗaya ba, kuma ba duk dalilan mutuwarsa ne na banza ba. Malamai sun yi wa'azi a kan cakuɗuwar samari da 'yan mata cikin dare, kuma akwai ɓarnar da suka gani kafin su yi magana. Gari ya girma, baƙi sun yawaita, uwa ta daina sakin jiki 'yarta ta fita bayan isha'i. Talabijin da wayar hannu sun zo da finafinan da ke zaunar da mutum wuri ɗaya. Tsadar rayuwa ta sa tallan da a da ake gamawa da rana ya kai har dare. Duk an ji. Kuskurenmu shi ne da muka rufe wancan fili, ba mu buɗe wani ba.

Maza kuwa ba su yi asarar komai ba. Babu ƙauyen da za ka ratsa tsakanin Damagaram da Gure ba ka ga fili da sanduna biyu a kowane gefe ba, yara maza na tayar da ƙura a kan tamaula har magariba ta raba su. Samari na da fada, inda ake shan shayi ana gardamar Barcelona da Real Madrid. A birnin Damagaram, matasan unguwar Kara-Kara sun haɗa wa kansu wuraren ɗaga ƙarfe da tarkacen mota da siminti, kamar yadda Aïcha Macky, 'yar garin, ta nuna a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Kokawa kuma ba a magana. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tahoua, inda Yakuba Kantu na Maradi ya zama sarki na farko, gwamnati ke ɗaukar nauyinta, ana zagayawa da ita jiha jiha, ana gina mata filaye irin na Langa-Langa da ke Damagaram, ƙasa ta tsaya cik kwana da kwanaki kunne na kan rediyo. Ina cikin masu son kokawa, ba na neman a rage mata ko dala. Tambayata ita ce: cikin wannan shekara hamsin, wane fili ne aka share aka ce wannan na 'yan mata ne?

Mai son ganin sakamakon wannan sakaci ya je filin da ake jarrabawar motsa jiki ta BEPC. Ana kiran sunaye, 'yan mata na fitowa a ɗarare, wannan ta aro wandon yayanta, waccan ta ɗaura zani a kan nata tana riƙe da shi da hannu ɗaya. Samari sun yi cincirindo a bakin fili suna jiran abin dariya. An busa usur, yarinyar da ke iya ɗaukar jarka cike da ruwa daga rijiya zuwa gida ba hutawa, sai ga ta tana gudu kanta a sunkuye, rabin hankalinta na kan mayafi rabi na kan masu kallo. Ba ƙarfi ne ya gaza mata ba. Rabonta da gudu a fili tun tana 'yar shekara tara, ranar da aka fara ce mata, "Ke, ba ki san kin girma ba?" Makin da ta rasa a wannan fili yana shiga lissafin sakamakonta kamar kowane darasi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke faruwa a filin makaranta shi ne ke faruwa a filin ƙasa da ƙasa. A watan Mayun 2019, a gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta yankin Afirka ta Yamma da aka yi a Abidjan, 'yan wasan Najeriya sun ci Mena, ƙungiyar Nijar ta mata, 15 da nema. Mutane sun yi ta ba'a. Ni ban ga abin kunya ga yaran da suka sa rigar ƙasa suka tsaya har aka tashi ba. Kunyar tana kan al'ummar da ta tura su karawa da waɗanda suka taso da ƙwallo a ƙafa tun suna firamare. Kuma duk da wannan hali, 'yan ƙalilan da suka sami hanya sun nuna abin da ke ɓoye. Rachida Mahamane ce mace ta farko da ta wakilci Nijar a gasar Olamfik, a tseren mita 5000 a Atlanta a 1996, tana ƙaramar yarinya. Aminatou Seyni, 'yar Dosso, ta ci zinaren mita 200 a gasar Afirka ta 2022 a Moris, kuma a shekarar ta zo ta huɗu a duk duniya a birnin Eugene na Amurka. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Tekiath Ben Yessouf ta fitar da Mayu Hamada, tsohuwar zakarar duniya a taikwando, a cikin ƙasarta, ta kai har karawar neman tagulla. Nijar lambar Olamfik biyu gare ta a tarihi: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a 2016. Saura ƙiris mace ta kawo ta uku. Su nawa ne irinsu ke yawo da faranti a tashoshin motarmu?

Amma kada a ɗauka don neman lambar zinare nake wannan magana. Cikin yara dubu, da wuya ɗaya ta kai can. Sauran ɗari tara da casa'in da tara su ne abin dubawa, kuma iyayensu na da tambayoyin da suka cancanci amsa ta mutunci.

Tambaya ta farko ta addini ce, kuma ita ce mafi sauƙin amsawa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa. Bayan wasu shekaru, da jikinta ya yi nauyi, suka sake shi kuma ya tsere mata. Kowane almajirin ilimi ya san wannan. Abin da malamai ke tsawatarwa a kai shi ne tsiraici da cakuɗuwa da shagala daga salla, kuma duka ukun tsari ne ke maganinsu. Sutura ma ta daina zama hujja ko a manyan filaye. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince da rufe kai, ƙwallon kwando ta biyo baya a 2017. Feryal Abdelaziz ta Masar da hijabinta ta ci zinaren karate a Tokyo, Nouhaila Benzina ta Maroko da nata ta buga gasar cin kofin duniya ta mata a 2023. Idan ana iya wannan a gaban duniya, ana iya shi a bayan zana a Gidimuni. Allah gafarta Malam, ba muna roƙon ku kawar da kai ba ne. So muke ku shigo ku shata iyaka, a yi abin a ƙarƙashin idonku.

Ta biyu ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, a ɗaki iyaye mata ke raɗa ta: wai tsalle da gudu da hawan keke na ɓata budurcin yarinya, ko su taɓa mata mahaifa. Wannan magana ba ta da tushe a likitance. Wadda ke daka da ɗaukar itace tun tana ƙarama, ba tseren mita ɗari ne zai illata ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, har mai ciki wadda ba ta da wata matsala ta shawarta da ta riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Ga yara da matasa kuwa, awa guda ce a kowace rana. Ungozoma da ma'aikaciyar likita su ne suka fi dacewa su warware wannan tsoro, a wurin awon ciki da wurin suna, da bakin da iyaye mata suka saba ji.

Ta uku ita ce mai nauyi: "In ta tafi wasa, wa zai yi mini aikin? Wa zai kai tallan?" Wannan ba jahilci ba ne, lissafi ne. Ribar farantin nan ita ce kuɗin cefane, a ciki kuma ake tara kayan ɗakin yarinyar. Duk shirin da ya raina wannan lissafi ba zai kai wata uku ba. Amsar ita ce ba kullum ake nema ba. Yamma biyu a mako, sa'a guda da rabi, tsakanin la'asar da magariba, a kauce wa ranar kasuwa. Sannan a dubi ɗan'uwanta namiji, wanda ke filin ƙwallo kwana bakwai a mako. Idan ya ɗebo ruwa ranar Talata da Alhamis, ba abin da zai ragu a mazantakarsa. Adalci tsakanin 'ya'ya umarni ne na addini kafin ya zama taken wata ƙungiya.

Me yarinya za ta samu da ya kai a yi wannan ɗawainiya? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, kashi 28 kafin 15. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare karatun 'ya mace. Ba zan ce ƙwallo za ta gyara abin da doka ke fama da shi ba. Amma duk wanda ya koyar a ƙauye ya san yarinya ba ta barin makaranta rana ɗaya. Sanyi take yi a hankali, ta fara fashi, ta ga babu mai nemanta, ta zauna. Wadda ke cikin ƙungiyar wasa tana da ƙawaye goma da za su biyo ta gida su ce, "Ina kika shiga? Jibi muna da karawa." Tana da babbar mace guda a wajen gidansu wadda ta san sunanta, wadda za ta iya gaya wa abin da ba za ta iya gaya wa uwarta ba. Tana koyon ɗaga murya ta nemi a ba ta ƙwallo, tana koyon bin doka da karɓar hukuncin alƙalin wasa ko bai yi mata daɗi ba, tana koyon shugabanci in aka ba ta kyaftin. Ko da wuri aka yi mata aure, da wannan za ta shiga ɗakinta, kuma mijinta da 'ya'yanta ne za su ci moriyarsa.

Matan aure ma suna cikin lissafi. Aikin gida yana gajiyar da jiki, amma sau da yawa gaɓoɓi kaɗan yake ci, baya da wuya da kafaɗa, a sunkuye ko a zaune. Wadda Allah ya buɗa wa mijinta kuma, ta sami injin niƙa da 'yar aiki, sai zama ya yi yawa, ga shayi mai sukari ga maiƙo. Hawan jini da ciwon suga sun daina zama ciwon 'yan birni kaɗai. Tafiyar rabin sa'a cikin ayari bayan sallar asuba, ko motsa jiki a babban gida guda da aka yarda da shi a unguwa, bai saɓa wa kulle ba, bai saɓa wa mutunci ba. Maigidan da ya hana wannan, shi ne dai zai biya kuɗin magani.

To, ta ina za a fara? Shawarata ita ce kada a jira wani shiri daga Yamai ko wata ƙungiyar waje. Mun sha ganin yadda ake yi: a zo da motoci, a raba riguna masu tambari, a ɗauki hoto, kuɗi su ƙare, raga ta koma ɗaurin awaki. Abin da zai ɗore shi ne wanda gari ya haifa da kansa, kuma kayan aikin suna nan. Makarantu na da kwamitin kula da makaranta, suna da ƙungiyar iyaye mata masu tarbiyya. Unguwanni na da asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maradi a 1991 har ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matan da suka iya tara dala-dala duk mako su ba juna rance su karɓa ba tare da ko sisi ya ɓata ba, ba ƙungiyar wasan yara ce za ta gagare su ba. Ƙwallo biyu, raga ɗaya, usur da igiyoyin tsalle, duka ba su kai kuɗin ragon layya guda ba.

Fili shi ne na farko. Harabar makaranta ta wadatar, in babu katanga a kewaye gefe ɗaya da zana. Magajin gari da mai unguwa su sanar a fili cewa ranar kaza da ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, wurin nan na 'yan mata ne. Wannan sanarwa tana da muhimmanci, domin duk filin da aka ce na kowa ne, na samari ne. Su za su riga zuwa, su za su ƙi tashi. A sa dattijuwa biyu su zauna a bakin ƙofa, kamar yadda kakanninsu ke zama a gefen dandali.

Na biyu, mai koyarwa ta zama mace. Uban da zai yi jinkirin miƙa 'yarsa ga malami namiji ba zai yi gardama da madam ɗin da ya sani ba. Cibiyar horar da malaman matasa da wasanni ta ƙasa da ke Yamai tana yaye malamai, amma kafin a wadata kowace gunduma da mata masu wannan takarda, malamar firamare ko tsohuwar ɗalibar kwaleji da aka ba horon 'yan makonni za ta iya riƙe yara. Hukumar wasanni ta jihar Damagaram da Jami'ar André Salifou za su iya shirya irin wannan horo lokacin hutu, a ɗan saka wa matan da abin sabulu daga kasafin gari.

Na uku, a fara da abin da aka sani. Gaɗa, 'yar gala-gala, tsallen igiya, tsere da langa ba sa bukatar a sayo komai, kuma kaka na ganinsu za ta gane abinta, har ta gyara wa yara kuskure. Daga nan a shigo da ƙwallon raga da ƙwallon hannu, waɗanda ƙaramin fili ke isarsu. Mai son tamaula a ba ta. Sutura kuwa telan gari ya ɗinka: dogon wando mai faɗi, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya bukatar riƙo.

Na huɗu, a kula da abubuwan da maza kan manta in su kaɗai suka zauna shiri. Randar ruwan sha a bakin fili. Makewayi mai ƙofa, domin yarinyar da ta fara al'ada ba za ta zo inda babu wurin gyara jiki ba, kuma ba za ta faɗi dalili ba. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin 'yan matanmu, saboda haka wadda ke yawan jiri ko haki a kai ta likita, kada a ce ragwanci ne. A sassauta lokacin azumi da tsakiyar bazara, a ƙarfafa da sanyin hunturu. Kuma a tashi kafin kiran magariba, kowa ta isa gida da haske. Ranar da aka saɓa wannan, ranar za a fara rasa amincewar iyaye.

Na biyar, a yi gasa. Wasa ba karawa ba ya daɗewa. Unguwa da unguwa tukuna, sannan makaranta da makaranta, sannan Gidimuni ta gayyaci Mirya ko Gidigir ko Damagaram Takaya. 'Yan kallo su zama mata da iyaye, kyauta ta zama littattafai da sabulu da turmin atamfa, ko 'yar akuya ga ƙungiyar da ta yi fice. Gidan rediyo ya karanta sunayen waɗanda suka ci da sunayen iyayensu. Uban da ya ji an ambaci sunansa a rediyo saboda 'yarsa, gobe shi zai tuna mata lokacin fita ya yi. Fadar Damagaram, wadda ta san darajar sarautar mata tun da har da Magira a cikin tsarinta, in ta sa albarka ta ba da kofi guda da sunanta, rabin gardamar ta ƙare.

Ya ku iyayenmu maza, maganar a hannunku take, domin a gidajenmu izini daga bakinku yake fitowa. Ba a ce ku saki 'ya'yanku su yi yawo ba. Sa'a uku a mako ake roƙo, da rana, a bayan zana, a hannun mata 'yan'uwansu, da sanin malamai da sarakuna. Iyayenku mata sun sami fiye da haka a zamaninsu, kuma ba su lalace ba. Ranka ya daɗe magajin gari, kafin hunturun bana ya wuce a ware fili guda, a sa rana, a sayi ƙwallo biyu. Sauran aikin ku bar wa 'yan matan, za su ba ku mamaki.